Tsakanin Fo Da Kwanon Abinci: Yadda Cuta Ke Zagaya Ɗakin Rainon Yara

Da misalin ƙarfe 7:30 na safe, ƙofar gidajen rainon yara a Kano ko Kaduna kusan kama ɗaya take yi. Adaidaita-sahu na tsayawa, babur na juyawa, uwa na kwance goyo da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da jakar famfas da kular abinci. Gaisuwar ma a tsaitsaye ake yin ta, domin rajistar wurin aiki ba ta jiran kowa. A cikin wannan hanzari ake furta wata magana da duk mai raino ta haddace: "Anti, jiya da daddare jikinsa ya ɗan yi zafi, amma na ba shi farasitamol, ya sauka." Anti ta miƙa hannu ta karɓi yaron, ta ce, "Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya," ta shige da shi ɗakin da yara 15 ko 20 ke rarrafe a kan darduma ɗaya.

Babu mai mugun nufi a cikinsu. Uwar tana tsoron takardar gargaɗi daga shugabanta, Anti kuwa ba ta da ikon mayar da ɗan wanda ya biya kuɗin zango. Amma kafin mako ya zagayo, yara uku ko huɗu na ɗakin sun kwanta, iyayensu na layi a kemis, kowa na cewa ai lokacinsa ne, iska ce ta juya.

Shekarun baya kaɗan, raino aikin cikin gida ne. Ga kaka, ga gwaggo, ga matar wa a sashen da ke kusa, ga 'yar raino da aka ɗauko daga dangi. Yanzu ma'aikaciyar jinya da malamar makaranta da ma'aikaciyar banki da ɗalibar jami'a, da yawansu a gidan haya suke zaune, nesa da dangi. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai jego. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, jihohi kamar Legas da Kaduna kuma sun kai nasu wata 6, amma akwai wuraren da mace ke komawa bakin aiki da zarar ta yi arba'in. A lura da lissafin: allurar rigakafi ta uku da jariri ke karɓa a jerin na farkon rayuwa, sai ya cika mako 14 ake yi masa. Ke nan hutun doka yana ƙarewa kafin jaririn ya kammala, sai ga shi a ɗaki ɗaya da yaran gidaje 20, kowane gida da irin tarinsa da irin ruwan shansa.

Idan iyaye za su zaɓi wurin da za su ajiye ɗansu, me suke dubawa? Fentin bango, kyawun yunifom, lilo a tsakar gida, da ko malamai na jin Turanci. Da wuya ka ga wanda ya ce a kai shi banɗaki. Ni kuwa a ganina, lafiyar yaro a wannan ɗaki tana hannun mace ɗaya, wadda ta fi kowa ƙarancin albashi a makarantar, wadda sau da yawa iyaye ba su ma san sunanta na yanka ba. Anti kawai ake ce mata.

Sai dai a faɗi gaskiya tun da wuri: ba kowace cuta ake iya tarewa ba. Ƙaramin yaro mai lafiya yana yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ke gidan raino ma yakan wuce haka a shekararsa ta farko. Majina da ɗan tari suna cikin girma, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksil da ake ɗura wa yara ba ya yi wa mura komai. Waɗanda ake magana a kansu su ne masu kwantar da yaro a gadon asibiti, ko su raba shi da iyayensa: gudawa, ƙyanda, mashaƙo, limoniya, sanƙarau.

Ƙarfe 11 na safe

A wannan lokaci ɗakin raino ya fi cika da aiki. Wannan ya ɓata famfas, wancan na zaune a kan fo, wata ta faɗi tana tsala kuka, ga lokacin cin abinci ya gabato. Anti ta goge wa na farko, ta naɗe famfas ɗin ta ajiye a gefe, ta ɗauki mai kuka ta share mata majina da bakin mayafi, ta ɗauraye hannu da ruwan buta ko ta goge a jikin zane, sannan ta buɗe kuloli. Da yatsun nan za ta marmasa dankali, da su za ta ɓare ƙwai, da su za ta gyara kan fida. Duk abin bai kai minti 10 ba, kuma a cikinsa cuta ta gama tafiyarta daga fo zuwa bakin yara biyar.

Babbar mai jawo gudawa mai tsanani ga ƙananan yara ita ce ƙwayar da likitoci ke kira rota. Ido ba ya ganin ta. A ɗan ƙanƙanin kashin yaron da ya kamu akwai miliyoyinta, alhali 'yan ƙalilan sun isa su kwantar da wani. Tana iya yin sa'o'i a hannu, ta yi kwanaki a jikin abin wasa ko darduma. Yaro yana fara zubar da ita tun kafin cikinsa ya ɓaci, ya ci gaba kwanaki bayan ya warware. Wannan ya sa maganar da ake yi a gidaje da yawa, cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne, take da haɗari. Kashin jariri yakan fi na babba ɗaukar ƙwayoyin cuta, kuma shi aka fi sakaci da shi: a ɗauraye fo a tsakar gida, ruwan ya gangara inda yara ke wasa, a jefa famfas a kwandon da ba shi da murfi, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya sauka a kan cokali.

Maganin wannan ba shi da tsada, kuma an gwada shi. A unguwannin talakawa na birnin Karachi a Pakistan, wani likita mai suna Stephen Luby da abokan aikinsa sun raba wa gidaje sabulu, suna kai musu ziyara duk mako suna tunatar da su wanke hannu. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2005 ya nuna gudawa ta ragu da kusan rabi a gidajen, limoniya ma ta ragu da kusan rabi a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne, sabulun da aka saba da shi ya yi aiki daidai da mai tsadar nan da ake tallar yana kashe ƙwayoyin cuta. Sabulu dai, da ruwa mai zuba, da cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

Ruwa mai zuba ɗin nan shi ne inda muke tuntuɓe. Al'adarmu ta kwanon wanke hannu, wanda kowa zai tsoma nasa kafin a ci tuwo, ita aka kwashe aka kai makarantu: roba ɗaya, yara 20 a layi, na ƙarshe yana wanka da dattin sauran 19. Abin mamaki, kayan aikin da ya dace yana kowane gida. Mutanen da ke alwala sau biyar a rana ba sa buƙatar a koya musu zuba ruwa daga buta. A lokacin korona, a 2020, kusan kowace makaranta ta sayi bokitin nan mai famfo a gindi, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙira. Je ka duba yau. A wurare da yawa yana bayan ofis a kife, ko an mai da shi mazubin shara. Annoba ta wuce, aka ɗauka aikinsa ya ƙare, alhali gudawa ba ta je ko'ina ba.

Masu makarantu na kukan cewa sabulu ɓacewa yake yi, ko yara su jiƙa shi ya narke. Gaskiya ne. Masu bincike a Bangaladash sun gwada wata dabara mai sauƙi: a zuba ɗan ƙullin omo a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a girgiza. Ruwan kumfar yana wanke hannu kamar sabulun, ya fi araha, kuma babu mai sa shi a jaka ya tafi da shi gida. A garin da jarkar 'yan garuwa ke ƙara kuɗi duk bazara, buta ɗaya da gorar kumfa a bakin ƙofar ɗaki sun fi famfon zamani da ba ya kawo ruwa.

Inda aka ajiye su ma yana da muhimmanci. Matar da ke kula da jarirai 10 ba za ta bar su ta tafi ƙarshen gida ta wanke hannu ba, kuma bai kamata a zarge ta ba. Dole ruwan ya kasance inda take tsaye. Wurin canza famfas ya zama kusurwa ɗaya tak, a shimfiɗa roba mai goguwa, a goge ta da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik da aka surka a ranar, bayan kowane yaro. A juye fo a masai, a wanke shi a can. Idan masu raino biyu ne a ɗaki, mafi alheri su raba aiki: wadda ta kama famfas yau, ba ita za ta taɓa abinci ba. Kayan wasan da suka shiga baki a tara su a bokiti a wanke da yamma. 'Yar tsanar auduga kuwa, wadda ba ta wankuwa, ba ta da gurbi a ɗakin masu rarrafe.

"Ai haƙori ne"

Da yaro ya fara zawo, kafin a ce komai wata za ta ce haƙori ne. Kaka ta faɗa, maƙwabciya ta faɗa, Anti ma ta faɗa don ta kwantar wa uwa da hankali. Akwai dalilin da ya sa maganar ta zauna: haƙori yana fara fitowa a wajen wata 6, daidai lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana cusa duk abin da ya samu a baki, ana fara ba shi koko da ruwa, kariyar da ya gado daga jikin uwa kuma tana raguwa. Abubuwan sun haɗu a lokaci ɗaya, sai aka ɗora wa haƙori laifi. Fitowar haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta sa zawo kamar ruwa, ba ta sa zazzaɓi mai zafi. Duk ranar da aka ce haƙori ne aka zauna, an ba cutar kwana ɗaya kyauta.

Mun ma taɓa biyan wannan magana da tsada ta wata hanyar. A ƙarshen 2008, maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya. Iyayensu sun saye shi ne don ciwon da ba ya buƙatar magani. Shi ya sa nake ganin kada gidan raino ya ba yaro kowane irin sirof sai wanda uwa ta kawo da takardar asibiti, an rubuta sunan yaron a jikin kwalbar.

Abin da ya kamata a samu a kowane ɗakin raino shi ne ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc. Gudawa tana kisa ne ta hanyar zuƙe ruwan jiki, kuma jariri ba shi da ruwan da zai yi asara. A kaɗa ƙullin a ruwa mai tsafta daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a fara ba yaro da cokali tun kafin uwa ta iso, a ci gaba da zinc kwana 10 zuwa 14 a gida, kada a dakatar da nono. Mai raino ta san alamomin da ba a jira da su: ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya ƙi nono ko ya kasa sha, fitsari ya ɗauke, jini a kashi, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi da sauri har haƙarƙari na shiga ciki, ko jijjiga. Ɗaya daga cikinsu ya isa a nufi asibiti, a kira uwa a hanya.

Sai abinci. Shinkafar da aka dafa da asuba aka zuba a kula mai sanyin murfi, zuwa azahar ta daɗe da hucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Nonon uwa da aka tatsa yana kai wa sa'a 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma wannan lissafi ba na Kano ba ne a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma babu wuta. Sai an sa shi a kula da ƙanƙara. Ragowar madarar da jariri ya sha ya bari, zubarwa ake yi, komai tsadar gwangwanin. Fida tana da lungunan da soso ba ya kaiwa, ƙaramin kofi da cokali sun fi ta sauƙin wankewa. Moɗa ɗaya a bakin randa, wadda kowane yaro zai kafa kai ya mayar, ita ma a sallame ta. Kowa da kofinsa da sunansa.

Katin da ba a tambaya

Wanke hannu ba ya tare duk abin da ke tafiya a iska. A nan allura ce babbar katanga, kuma Kano ta ga abin da ke faruwa idan katangar ta yi ɓaraka. A watan Disamban 2022 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta samu rahoton ɓullar mashaƙo, cutar da matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san ta. Cikin 2023 ta kama dubban mutane, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta kuma ɓulla a Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, har da Matamaye a jihar Damagaram ta Nijar. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba.

Mashaƙo yana farawa kamar ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, irin wanda ake ba farasitamol a tura makaranta. Bayan kwana biyu ko uku wata fata mai launin toka ta lulluɓe maƙogwaron, wuya ya kumbura, numfashi ya fara gagara. Ko yaro ya tsallake wannan, dafin ƙwayar na iya taɓa zuciya da jijiyoyi makonni bayan nan. Ga shi kuwa allurarsa kyauta ce a kowane asibitin sha-ka-tafi, tana cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi wa jariri a cinya a mako 6 da 10 da 14.

Ƙyanda ta fi shi saurin kamu. Idan mai ita ya shiga cikin mutum 10 da ba su da kariya, 9 na iya ɗauka. Ƙwayarta na zama a iskar ɗaki har sa'a 2 bayan ya fita. Abin da ya fi muni ga gidan raino shi ne, yaro yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke ganin mura ce da jan ido. Kafin a ce baƙon dauro ne, ya riga ya gama ɗakin. Allurar farko sai a wata 9 ake yin ta, ta biyu a wata 15. Jaririn da ke wata 5 bai kai allurar ba, babbar kariyarsa ita ce allurar yaran da ke kewaye da shi. Uwar da ta ƙi yi wa ɗanta mai shekara 3, ta yanke hukunci ne har a kan jaririn wata, ba tare da an tambayi waccan ba.

Na san maganar allura tana da tabo a wurinmu, kuma tabon yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a ta shekaru. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar, sai 2004 aka dawo da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka ba daidai ba ne a kira mai shakka jahili. A zauna da shi, a kuma tuna masa da abin da ya gani da idonsa: unguwannin da a da ba a rasa yaro mai jan ƙafa, yau sabon kamu ya yi wuya, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. Tun Agustan 2022 ɗigon rigakafin rota ya shiga jerin na yara a Najeriya. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna yara fiye da miliyan 2 a ƙasar nan ba su samu ko allurar farko ba.

Gidan raino yana da wata dama da ma'aikacin lafiya mai bin gida-gida ba shi da ita: iyaye ne ke zuwa da ƙafarsu suna neman gurbi. Ana tambayarsu takardar haihuwa da hoto da kuɗin fom. Ƙara katin rigakafi a jerin ba ya cin ko sisi. Ba na goyon bayan a kori yaron da katinsa ke da giɓi. A nuna wa uwar asibiti mafi kusa, a ba ta mako biyu, a sake dubawa. Mai makarantar da ta je ta gaisa da jami'in rigakafi na ƙaramar hukumarta za ta iya shirya ranar da ma'aikata za su zo har makarantar.

Iskar ɗaki ma kada a raina ta. Da hunturu ya kama ana rufe tagogi saboda ƙura da sanyi, yara 20 su yini suna shaƙar numfashin juna, kuma daga nan har zafin bazara shi ne lokacin sanƙarau. Taga biyu masu kallon juna a buɗe, da raga a jiki, sun fi fanka a rufaffen ɗaki. A lokacin barci a ba da tazara tsakanin katifu, kan wannan ya kalli ƙafar wancan. Tawul ɗaya na goge fuskar kowa shi ne motar afolo, ciwon idon da ya samo sunansa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo ya sauka a wata. Zanen shimfiɗa da mataji na tarayya su ke raba ƙazuwa da makero.

Wa zai zauna da shi?

Mu koma bakin ƙofa, wurin uwar nan da farasitamol ɗinta. Maganin yana danne zazzaɓi na sa'a 4 zuwa 6, ba ya taɓa abin da ya kawo shi. Idan cizon sauro ne, an jinkirta gwaji. Idan mai yaɗuwa ne, an ba shi hanya. Ƙa'idojin da hukumomin lafiya ke bayarwa a sarari suke: mai gudawa ko amai ya zauna gida har ya yi kwana 2 da tsayawarsu, mai zazzaɓi sai ya yini ya kwana babu shi ba tare da magani ba, mai ƙyanda aƙalla kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe, mai hangum kwana 5 daga fara kumburi.

Rubuta wannan a manna a bango abu ne mai sauƙi. Amma wa zai zauna da yaron? Malamar makarantar kuɗi da za a yanke wa albashin yini, ko mai aikin kwantiragi da ake jiran ta yi fashi a maye gurbinta? Duk ƙa'idar da ba ta amsa wannan tambaya ba, ƙarya za ta koya wa iyaye. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi maganar tun ranar rajista, lokacin da yaro ke lafiya kuma hankali na kwance: a karanta wa uwa da uba ƙa'idar tare, su ba da lambar mutum na biyu da na uku da za a kira, kaka ko gwaggo ko maƙwabciya. A ware kusurwa da 'yar katifa inda yaron da jikinsa ya yi zafi da rana zai jira, da ma'aunin zafi a ajiye, domin bayan hannu ba ya ba da lamba. Iyaye maza kuma su sani cewa jinyar yaro ta yini ɗaya ba ta rage wa kowa girma. A gidaje da yawa mai gidan ne ke da shagon kansa ko aikin da zai iya ɗagawa, amma matar ce ake sa ran ta roƙi izini a karo na biyar.

Ita Anti fa, idan ita ce ba lafiya? Zuwa take yi, da murarta da ciwon cikinta, domin fashin yini ɗaya na nufin ragin kuɗin da dama bai kai ƙarshen wata ba. Makarantar da ke son kare yara dole ta ba ta damar kwanciya ba tare da yanka ba. Idan tarinta ya wuce mako 2 a kai ta gwajin tarin fuka, wanda shi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ƙananan yara daga manya suke ɗaukar wannan cuta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai raino ɗaya ga yara 10 a ajin jarirai, ɗaya ga 25 a nazare. Ko goman nan sun yi wa hannu biyu yawa, balle inda ake tara mata ninkinsu. Ana kiran malaman aji bita, ana ba su takardar shaida, ita kuwa da ke riƙe da fo da cokali ba a taɓa zaunar da ita yini ɗaya an nuna mata yadda ake kaɗa gishiri da sukari ba. Jami'an duba-gari da ke zagaya mahauta da gidajen burodi, ya kamata gidajen raino su shiga jerin wuraren da suke leƙawa.

Kafin hukuma ta zo, uwa ko uba na iya yin nasu binciken. Kada a je ranar da aka gayyata, lokacin da aka share ko'ina aka fesa turare. A je wata Talata da ƙarfe 11, ba sanarwa. A ƙirga yara, a ƙirga manya. A ce a nuna inda ake canza famfas da inda ake juye fo, a ga tazararsu da inda kuloli suke. A ɗaga murfin randa. A tambayi Anti, cikin girmamawa, yara nawa ne suka yi zawo a makon jiya, a kuma tambaye ta abin da take buƙata wanda ba a ba ta ba. Sannan a nemi sabulun a taɓa shi. Idan a jiƙe yake, ana amfani da shi. Idan ya bushe har ya tsattsage, an ajiye shi ne domin baƙi.